ME KE SA INJIN MOTA YA BUGA, KUMA YAYA ZA A KARE SHI?

Babu maganar da ke kaɗa hantar mai mota kamar bakanike ya ɗago kai daga ƙarƙashin bonet, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Yallaɓai, sai haƙuri, injin nan ya buga." Ga ma'aikacin gwamnati wanda ya shafe shekaru yana tari, ko kuwa ya ci bashi kafin ya mallaki motar, wannan magana tana nufin albashin watanni zai tafi gareji, yara su koma shiga motar haya zuwa makaranta, ita kuma motar a ɗora ta bisa duwatsu a ƙofar gida sai ranar da Allah ya hore. Abin takaici kuwa shi ne ba kasafai inji ke bugawa farat ɗaya ba. Yakan daɗe yana kuka yana nuna alamu, sai dai mai shi bai san yarensa ba, ko kuma ya ji ya ƙara murya a rediyo.

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu waɗanda akan haɗa su a ƙarƙashin kalma ɗaya, watau "nokin", wadda kanikawa suka aro daga Turanci. A bakin injiniyoyi, kalmar tana nufin wata ƙara ce siririya da ke fitowa daga saman inji sa'ad da fetur ya ƙone ba bisa ƙa'ida ba, ƙara mai kama da ta tsakuwa a cikin gwangwani. A garejojin ƙasar nan kuwa, idan aka ce inji ya yi nokin ko ya buga, ana nufin ƙarafan da ke ƙasan inji sun cinye, ko ma sun kama juna inji ya ƙi juyawa. Cutar farko daga mai da wuta take tasowa, ta biyu kuwa galibi daga baƙin mai. Amma akwai zumunci a tsakaninsu, domin ta farkon idan aka ƙyale ta, tana iya kai mutum ga ta biyun.

YADDA FETUR KE ƘONEWA A CIKIN INJI

A cikin kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka. Idan ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da fetur. Idan ya hau sai ya matse su wuri ɗaya. Daf da ya kai ƙarshen hawansa sai filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya tunkuɗa fistan ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Wannan zagaye yana da saurin gaske. Idan inji yana juyi 3,000 a minti guda, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka fetur fashewa yake yi a cikin silinda. A lafiyayyen inji ba haka abin yake ba. Wutar takan tashi ne daga bakin filogi ta bazu a hankali zuwa gefe-gefe, kamar yadda wutar daji ke cin busasshiyar ciyawa daga gefen da aka kunna ta, saboda haka ƙarfin da ke sauka kan fistan turi ne mai tsari. Amma yayin da wutar ke tafiya, tana ƙara matse ragowar iska da fetur da ba ta riga ta kai gare su ba, tana kuma ƙara musu zafi. Idan matsi da zafin suka wuce abin da fetur ɗin zai iya jurewa, sai wannan ragowar ta kama da kanta gaba ɗaya tun wutar filogi ba ta iso ba. Daga nan sai wata girgiza mai tsanani ta riƙa kai da kawowa tsakanin bangon silinda sau dubbai a cikin daƙiƙa, ita ce kunne ke ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe.

Ƙwanƙwasa kaɗan ta ɗan lokaci ba ta cika yin lahani ba. Wadda ta yi ƙarfi kuma ta daɗe ita ce abin tsoro. Tana zafafa kan fistan har ya riƙa zaizayewa, tana karya ringi, tana ƙona gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sa'an nan kowane bugu yana bi ta sandar fistan ya sauka kan ƙarafan da ke riƙe da karanshaf. Akwai kuma wata 'yar uwarta wadda ta fi ta haɗari, watau fetur ya kama wuta tun kafin filogi ya ba da tartsatsi, saboda wani abu da ya yi ja zur a cikin silinda, kamar bakin filogi ko dunƙulen kunkunniya. Wannan kan sa wuta ta yi karo da fistan yana cikin hawa, kuma tana iya huda shi cikin ƙanƙanen lokaci.

LAMBAR OKTAN

Ba duk fetur ne ke da juriya iri ɗaya ba. Ma'aunin juriyar fetur ga matsi shi ake kira lambar oktan, wanda wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Graham Edgar, ya tsara a tsakanin 1926 da 1927. An ɗauki sinadarai biyu: ɗaya mai tsananin juriya aka ba shi lamba 100, ɗaya kuma mai saurin kamawa aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da haɗin kashi 91 na sinadarin farko da kashi 9 na na biyu. Lambar ba ta nufin ƙarfin mai ko tsabtarsa. Juriya kurum take aunawa.

Muhimmancin wannan lamba ya ta'allaƙa ne da irin matsin da aka ƙera inji da shi. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sukan matse iska da fetur ninki takwas ko tara. Motocin baya-bayan nan kuwa da yawansu sun kai ninki goma zuwa goma sha biyu, wasu ma an ɗaura musu turbo mai cusa ƙarin iska, duk domin a samu ƙarfi da tsimin mai. Iyakar yawan matsi, iyakar bukatar fetur mai juriya.

A nan ne ya kamata mai sayen motar da aka yi amfani da ita a ƙasashen waje ya buɗe ido. A cikin murfin tanki ko a littafin motar akan rubuta lambar da injin ke bukata. Ƙasashen Turai suna amfani da ma'aunin RON, kuma fetur ɗin yau da kullum a can lamba 95 ne. Amurka kuwa tana da nata lissafin daban, inda lamba 87 ta yi daidai da wajen 91 a ma'aunin RON. Motar da aka rubuta mata 87 a Amurka ba ta da tsananin zaɓe, amma wadda aka rubuta mata 91 ko 93 a lissafin Amurka, ko 98 a na Turai, tana bukatar mai na musamman, kuma wanda ya saye ta ba tare da tunanin inda zai riƙa samun irin wannan mai ba ya sayo wa kansa ɗawainiya.

Neman maganin ƙwanƙwasa yana da dogon tarihi, kuma akwai darasi a cikinsa. A watan Disamba na 1921, wani injiniya na kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa ɗan digon wani sinadari mai ɗauke da dalma yana kashe ƙarar, aka kuma fara sayar da irin wannan fetur a Amurka a 1923. Injuna suka samu lafiya, mutane suka rasa tasu, domin dalmar da ke fita ta salansa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙananan yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina amfani da shi zuwa farkon 2006, kuma a watan Agusta na 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa an daina sayar da shi ga motoci a duk duniya, bayan da Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe, ta ƙarar da nata. A yau matatun mai suna ɗaga lambar oktan ne ta hanyar sarrafa man da kuma ƙara masa wasu sinadarai marasa dalma.

GURƁATACCEN MAI

Ko da mota ba mai zaɓen mai ba ce, gurɓataccen fetur yana iya sa ta ƙwanƙwasa. Kananzir da man gas ba su da juriyar fetur ko kusa, saboda haka duk fetur ɗin da aka gauraya da su lambarsa ta faɗi. A shekarun da kananzir ya fi fetur araha, wannan algus ya lalata injuna masu yawa, musamman a lokutan ƙarancin mai sa'ad da jama'a ke komawa wajen 'yan bumburutu. Haka nan man da ya daɗe cikin jarka a rana yakan rasa sassansa masu saurin tashi, ingancinsa ya ragu, ga kuma ruwa da ƙasa da ke iya shiga.

Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai yake ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima daga ƙasar Beljiyam, abin da ya sa aka janye shi daga kasuwa, aka kuma shiga dogayen layuka a gidajen mai na tsawon makonni. Wannan ya isa ya nuna wa mai mota cewa idan injinsa ya canza murya jim kaɗan bayan ya sha mai, to, man ne abin zargi na farko.

ZAFI, KUNKUNNIYA DA SAITIN WUTA

Zafi shi ne babban abokin ƙwanƙwasa. An ƙera injin mota ya yi aiki a kan zafin da ya kai wajen digiri 90 a ma'aunin Selsiyas, kuma lagireto da fanka da famfon ruwa ne ke tsare shi a nan. A watannin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, iskar da inji ke zuƙa da zafinta take shigowa, saboda haka ƙaramar matsala a lagireto takan zama babba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan lagireto daga waje, ruwan rijiya mai kanwa-kanwa kuma yana barin ɓawo da tsatsa daga ciki. Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma tara kunkunniya, alhali ainihin abin da ke kawo zafin, in akwai shi, yana nan ba a taɓa shi ba.

Ita kuwa kunkunniya lahaninta biyu ne. Idan ta taru a kan fistan da rufin silinda tana cinye wuri, matsi ya ƙaru fiye da yadda aka tsara. Tana kuma riƙe zafi kamar garwashi. Motar da ba ta zuwa ko'ina sai daga gida zuwa sakatariya cikin cunkoso, da motar da ringinta ya saki tana ƙona baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, su suka fi tara ta.

Sai batun saitin wuta, wanda kanikawa ke kira tayimin. Filogi yana ba da tartsatsi ne kafin fistan ya kai ƙololuwa, domin wuta ta samu lokacin bazuwa. Idan aka gaggauta tartsatsin fiye da ƙima, matsi zai yi yawa tun fistan yana hawa, ƙara ta tashi. A tsofaffin motoci da hannu ake wannan saiti, kuma bakaniken da ke yin sa da kunne kawai, don mota ta ƙara tashi, yana iya wuce gona da iri. Filogi ma iri-iri ne: wani yana sakin zafi da sauri, wani yana riƙe shi. Tsayi da zare na iya zama ɗaya amma aiki ya bambanta, saboda haka filogin da ya shiga rami ba lalle ne ya zama na injin ba.

Wani dalili kuma shi ne ƙarancin fetur a cikin haɗin. Inji yana bukatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Idan nozul ya toshe, ko famfon mai ya yi rauni, ko wani tiyo ya tsage iska tana satar shiga, haɗin zai yi tsinkakke, ya ƙone da zafi mai yawa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci da yawa sun koma shan lita biyu ko uku suna yawo da tanki kusan a bushe. Famfon mai na motocin zamani a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Idan kullum a bushe yake aiki ba ya daɗewa. Haka kuma wasu direbobi, da nufin tsimin mai, sukan sa babbar giya mota tana tafiyar hawainiya sa'an nan su danne totur. Babu yanayin da ke jawo ƙwanƙwasa kamar wannan, balle a ce mota tana ɗauke da kaya tana fama da tudu irin Hawan Kibo a kan hanyar Jos.

MOTOCIN ZAMANI SUNA ƁOYE CIWONSU

Daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni suka soma ɗaura wa injuna wata 'yar na'ura mai jin girgizar ƙwanƙwasa. Da zarar ta ji, sai ta sanar da kwamfutar motar, wadda akan kira ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsi har ƙarar ta lafa. Wannan dabara ta ceci injuna da yawa, amma tana da farashi: mota takan rage ƙarfi, ta ƙara shan mai. Saboda haka mai sabuwar mota yana iya fama da mugun mai ko kunkunniya ba tare da ya ji ƙara ba, sai dai ya ga motar ta yi nauyi kuma tanki ba ya auki. Idan na'urar ta lalace, fitilar gargaɗi mai hoton inji takan kama a gaban direba. Masu liƙe wannan fitila da baƙin salatif, ko su sa a cire ƙwanta, sun yi daidai da maras lafiyar da ya fasa ma'aunin zafi don kada a ce yana da zazzaɓi.

Ƙananan injuna masu turbo waɗanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata matsala ta daban, inda wuta ke kamawa da wuri yayin da mota ke jan nauyi a ƙaramin gudu. An gano cewa irin baƙin man da aka zuba yana da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SP a 2020. Mai irin wannan mota ya duba wannan alama a jikin galan kafin ya saya.

BUGAWAR DA KE TASOWA DAGA ƘASA

Karanshaf yana juyawa ne a kan wasu siraran ƙarafa masu santsi, waɗanda kanikawa ke kira metal. A lafiyayyen inji ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, domin famfo yana cusa baƙin mai a tsakaninsu, shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan baƙin mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya zama taɓo, ko jabu ne tun asali, ko famfon ya gaza, sai shimfiɗar ta yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe. Daga nan sai a fara jin bugu mai nauyi daga ƙasan inji kamar ana dukan ƙarfe da guduma, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur. In aka ci gaba da tafiya, metal ya narke ya kama karanshaf, wani lokaci ma sandar fistan ta karye ta fasa gangar inji.

Mai mota yana iya rarrabe ƙararrakin nan da kunnensa. Ƙwanƙwasar fetur siririya ce, tana zuwa sa'ad da inji ke jan nauyi, tana ɗaukewa idan an sassauta totur ko an sauko giya. Bugun metal kuwa mai kauri ne, ba ya ɗaukewa, kuma sau da yawa yana tare da jar fitilar baƙin mai. Wanda ya ji ta farko yana da damar lallaɓawa zuwa gareji. Wanda ya ji na biyu, ko ya ga jar fitilar ta kama yana cikin tafiya, ya gangara gefen hanya ya kashe inji nan take, domin kuɗin janwe bai kai ko kusa da kuɗin inji ba.

RIGAKAFI

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin bugawar inji ba ya bukatar ilimin injiniya. Mai mota ya riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ya amince da su, ya guji man jarka sai bisa larura, kada kuma ya saba barin tanki ya sauka ƙasa da rubu'i. Ya riƙa zaro sandar awon baƙin mai aƙalla sau ɗaya a mako, da safe, mota tana tsaye a wuri mai daidai, ya kuma duba ruwan lagireto inji yana sanyi, domin buɗe murfin lagireto mai zafi yana iya salaɓe fuska. Ya yi juyen baƙin mai tare da canza matacinsa a kan lokacin da littafin motar ya ƙayyade, ya ma rage tazarar saboda ƙura da cunkoso, ya kuma sayi mai a rufe daga amintaccen dila. Kaurin man ya zama wanda kamfani ya rubuta: injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 yana da siraran hanyoyin mai, kuma ɗura masa 20W-50 don kawai shi aka saba da shi a zamanin 504 ba gata ba ne.

Bugu da ƙari, a zuba ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa, a bar tamostat a wurinsa, a canza matacin iska bayan hunturu, a kuma sa filogin da lambarsa ta dace. A tuƙi, idan an zo tudu ko mota tana da kaya, a sauko giya inji ya samu numfashi. Idan fitilar gargaɗi ta kama, a kai motar wajen mai na'urar bincike ya karanta abin da kwamfutar ta ajiye kafin a fara kwance-kwance da sayen kaya bisa ƙiyasi. Magungunan kwalba da ake tallar cewa suna ɗaga lambar oktan kuwa, galibinsu tasirinsu kaɗan ne, kuma ba za su gyara toshasshen lagireto ko mataccen famfo ba.

Ga ɗaliban kimiyya da na kwalejojin fasaha, wannan batu fage ne da darussan zafi da matsi da sinadarai ke haɗuwa wuri ɗaya, kuma garejojin ƙasar nan suna matuƙar bukatar matasa masu iya haɗa ilimin aji da aikin hannu, tun da motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su. Ga ma'aikaci mai mota kuwa, abin da ake nema gare shi bai wuce minti biyar na dubawa a kowane mako ba, da kuma ya riƙa kashe rediyo jefi-jefi ya saurari injinsa. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙi sayen galan ɗaya na baƙin mai nagari yau, shi ne gobe zai tsinci kansa a kasuwar kayan gyara yana cinikin inji.